Neman Ɗanyen Itace: Daga Katsina Zuwa Gonakin Maraɗi

Koshiyar mahaifiyata ta tsage ranar wata Laraba a tsakiyar hunturu. An wanke ta da daddare aka kife a kan murfin randa, sanyi da busasshiyar iska suka kwana suna aikinsu, da gari ya waye sai ga tsaga tun daga bakinta har gindin mariƙi. Tana cikin kayan da aka kai Inna ɗaki da su, ta girme ni ke nan. Da ita take juya miya, da ita take kwasar dambu, da ita kuma take shan fate tun da haƙoranta suka fara raguwa, domin cokalin ƙarfe, in ji ta, yana ƙona leɓe, yana kuma sa wa abinci ɗanɗanon kwano. Na sayo mata na roba da na ƙarfe iri-iri, ta karɓa ta sa mini albarka, ta zuba su cikin kwalla ta rufe. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne cin abincinta ya ragu, kuma mace mai shekarunta ba ta da ƙibar da za ta yi asara.

Na shiga babbar kasuwar Katsina na sayo wata koshiyar itace a rumfar masu muciya da maburgi. Inna ta juya ta, ta kai hanci ta shinshina, ta ce, “Wannan ai darbejiya ce. Kai za ka iya shan kunu da maganin zazzaɓi?” Daga nan wani abokin aikina ya kwatanta mini gidan wani tsohon masassaƙi a bayan ganuwa. Na same shi a zaure yana wasa gizago a kan dutse, gefensa turame biyu da ba a gama rarakewa ba. Bayan mun gaisa na miƙa masa tsagaggiyar koshiyar. Ya daɗe yana shafa ta da babban yatsa kafin ya yi magana.

“Aduwa ce,” in ji shi. “Kuma wanda ya yi ta ya san aiki, don daga gwiwar reshe ya fitar da ita. Dubi yadda jijiyar itacen ta bi lanƙwasar, ba ta yanke ko’ina ba. Shi ya sa ta kai yau.” Na ce, “Baba, za a samu irinta?” Ya ce, “Hannu yana nan, Malam. Itacen ne babu. Ka kawo mini reshen aduwa mai gwiwa, kaurinsa kamar damtsenka, ɗanye, wanda bai wuce kwana uku da sara ba, ni kuwa in yi wa tsohuwarka koshiyar da jikokinka za su gada.” Na yi murmushi, na ce a raina wannan ai aikin yini ɗaya ne. Sai da na yi wata uku ina nema.

Ya kamata in bayyana wa mai karatu dalilin wannan sharaɗi, domin ni ma a farko na ɗauka tsaurin ra’ayin tsofaffi ne. Kafinta busasshen katako yake nema, saboda zarto da ƙusa da gam ne kayan aikinsa, kuma ba ya son ƙofa ta motsa bayan ya kafa ta. Masassaƙi kuwa da kaifi kaɗai yake aiki, gatari da gizago da wuƙa. Itacen da aka sare yanzu cike yake da ruwa, kaifi yana ratsa shi kamar ana feraye rogo. Idan ya bushe, musamman mai tauri irin aduwa ko kirya, sai ya dakusar da ƙarfe, ya gajiyar da hannu, ya riƙa ɓallewa inda ba a so. Hausawa da suka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, a kan tarbiyya suke magana, amma daga wurin masu wannan sana’a suka ɗauko hoton.

Akwai dalili na biyu, wanda ya fi na farko ƙarfi. Itace yana tsukewa idan ruwansa yana fita, kuma tsukewar ba daidai take ta kowane ɓangare ba: wadda ke bin kewayen gungume ta kai kusan ninki biyu na wadda ke tafiya daga ɓawo zuwa cibiya. Don haka duk gungumen da aka bari ya bushe a dunƙule sai ya tsage daga cibiyarsa zuwa waje, kuma tsagar daga bakin sara take farawa, inda ruwa ya fi saurin fita. Maganin abin shi ne a faskara itacen biyu ta kan cibiyar tun yana ɗanye, a cire cibiyar a yar, a sassaƙa shi ya yi sirara, sannan a bar shi ya bushe a hankali. A ƙasa mai laima mutum yana da makonni kafin tsaga ta kama. A Katsina, cikin hunturu ko bazara, kwanaki kaɗan gare shi.

Na tambayi Baba inda yake samo itace a da. Ya nuna yamma da gemunsa. Dajin Rugu, wanda ya shimfiɗu ta wajen Batsari da Safana da Ɗanmusa har ya haɗe da dazuzzukan Zamfara, shi ne rumbunsu tun zamanin kakansa. Sukan ɗaure jakuna su tafi su uku ko huɗu, su kafa bukka su yi mako biyu, su sari abin da suke buƙata, su yi masa sassaƙar farko a nan take don ya yi sauƙin ɗauka, su dawo da kirya ta turmi da taɓarya, da danya ta akushi, da aduwa ta allo da koshiya, da marke na ƙota. Yau kowa ya san su wane ne suka mayar da dajin mazauninsu. Rabon Baba da shi ya kai shekaru, kuma cikin abokan tafiyarsa na da akwai wanda sai da danginsa suka sayar da gona kafin ya dawo gida. Idan ana lissafin ɓarnar ’yan bindiga, akan ƙirga rayuka da shanu da gonakin da aka bari, kuma haka ya dace. Ba a cika tuna ƙananan sana’o’in da daji ke ciyarwa ba, irin su sassaƙa da ɗiban zuma da neman saiwar magani, waɗanda suke mutuwa ba tare da an ji kukansu ba.

Na fara da ’yan itace. Na zaga wurare huɗu inda manyan motoci ke sauke kaya, na tarar da tsibi-tsibi na marke da taramniya da wasu da ban iya shaidawa ba, duk sun bushe ƙayau, bakin kowane gungume ya tsattsage kamar dunduniyar manomi. Masu sayarwa suka yi ta mamakin mutumin da ya zo da wando da takalmi yana neman ɗanyen itace, alhali su abin da suke tallata kayansu da shi ke nan, cewa ya bushe ba ya hayaƙi. Ɗaya daga cikinsu ya gaya mini gaskiya: itacen yakan yi makonni a jibge a bakin daji kafin mota ta ɗauko shi, kuma mai kauri irin wanda nake nema tun can masu gawayi suke rufe shi da ƙasa su cinna masa wuta. A ’yan katako kuwa abin da na samu allunan da aka yanko daga kudu ne, miƙaƙƙu, busassu, waɗanda babu gwiwa a jikinsu balle jijiyar da za ta bi ta.

Wata safiya aka kira ni a waya aka ce ana sare itatuwa a bakin wani titi da za a faɗaɗa. Na bar abin da nake yi na garzaya. Na tarar da injin yanka yana kuka, manyan darbejiyoyi kwance a kan kwalta, ƙanshin ɗanyen itace ya cika wurin. Darbejiya baƙuwa ce a ƙasar nan. Asalinta Indiya, kuma a 1928 aka fara dasa ta a lardin Borno, daga nan ta bazu har ta zama inuwar kowane gari na Arewa. Tana da kyau wajen rufin ɗaki da kujera, gara ba ta cika damunta ba, amma ɗacinta ba ya barin ta shiga tukunya. Cikin waɗanda aka kayar akwai mangwaro guda ɗaya, wanda Baba ya ce da an same shi da an yi maneji. Kafin in gano mai iko da shi, masu gidan burodi sun riga sun biya kuɗin duka sun fara lodi. Na roƙi reshe ɗaya, aka ce in dawo gobe. Da na dawo bayan kwana huɗu, domin goben ta yi ta ja da baya, guntun da aka ajiye mini ya sha rana ya buɗe baki uku.

Bayan ƙaramar salla Baba ya aiko yaro ya kira ni. Ya ce yana da ɗan ƙanwa da ke noma a wani ƙauye cikin ƙasar Nijar, tsakanin Ɗan Isa da Madarunfa, kuma yanzu ne lokacin sharar gona, lokacin da suke rage rassan itatuwansu. Iyakar da aka rufe bayan juyin mulkin watan Yulin 2023 an sake buɗe ta a watan Maris na 2024, don haka hanya ta samu. “In kana da kuɗin mota,” in ji shi, “ni ina da gatari.” Muka tashi da sassafe daga tashar Jibiya, Baba rungume da buhun da ya naɗe kayan aikinsa a ciki. Tafiyar ba ta da nisa, shingayen kan hanya ne suka tsawaita ta, kuma a kowane shinge sai an kwance buhun an dubi gizago an tambayi abin da tsoho zai yi da shi. A Magama muka sauka muka yi abin da ake yi a iyaka, muka shiga wata motar.

Bakatsine ba ya jin baƙunci a wannan hanya. Bayan da Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a farkon ƙarni na 19, sarakunanta na Haɓe nan suka yiwo suka kafa Maraɗi, kuma har gobe sarautar garin Sarkin Katsina ake ce da ita. Gulbin Maraɗi ma daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya ratsa Jibiya, ya shiga Nijar ya wuce ta Madarunfa da Maraɗi, sannan ya karkato ya komo Nijeriya ya haɗu da gulbin Rima. Harshe ɗaya ne, dangi ɗaya, sai dai kuɗi ya koma sefa, ana lissafi da dala da jaka. Su ma ba su tsira daga masifar da ta same mu ba, domin dajin Baban Rafi da ke yamma da hanyar ya sha zama maɓoyar ɓarayin shanu da masu satar mutane. Abin da ya bambanta shi ne gonakin.

Na saba ganin gonar bazara a share fes, ƙasa ja ko fara har iyakar gani, sai kuka ɗaya ko gawo can nesa. A nan kuwa kowace gona tana ɗauke da itatuwa barkatai, ba a jere ba, ba kuma tsara ɗaya ba: ga kalgo, ga sabara, ga taramniya, ga magarya, ga aduwa, ga gawo da ke da ganye shar a lokacin da komai ya bushe. Yawancinsu ba su fi tsayin mutum biyu ko uku ba, kuma kowanne an gyara shi, an share rassan ƙasa an bar kai. A gindin wasu ga damin rassan da aka sare jiya ko shekaranjiya, ganyensu bai gama yaushi ba. Baba ya dafa gwiwata ya nuna ta taga, bai ce komai ba.

Mai masaukinmu mutum ne mai kimanin shekara hamsin. Ya tare mu a bakin hanya da amalanken shanu, ya durƙusa ya gai da kawunsa, ya karɓi buhun. Bayan mun sha fura mun yi azahar, na tambaye shi wanda ya dasa musu waɗannan itatuwa. Ya yi dariya ya ce, “Malam, ba wanda ya dasa. Suna nan tun da, a ƙarƙashin ƙasa. Mu ne muke kashe su kowace shekara.” Ya kai ni bayan gida ya nuna mini wani kututturen kalgo da ya fitar da tofo fiye da goma. A da, in ji shi, idan sassabe ya zo sai a sare tofon duka a tara a ƙone, domin gonar da ke da kututture gonar rago ce. Yanzu sai a zaɓi biyu ko uku mafi ƙarfi da miƙewa a bari, a sare sauran, a share wa waɗanda aka bari rassan ƙasa. Saiwar ta riga ta yi zurfi tun shekaru, don haka tofon yana girma da saurin da dashe ba zai taɓa yi ba, kuma ba ya neman ban ruwa. Sunan abin a bakinsu sassabin zamani.

Tarihin wannan dabara sananne ne. Wani masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, ya zo yankin Maraɗi a farkon shekarun 1980 yana aikin dashen itatuwa, kuma mafi yawan abin da aka dasa rana da iska da awaki suka cinye. A 1983 ya lura cewa ƙananan kumbuna da ke warwatse a gonaki tofon tsofaffin kututture ne masu rai. Da yunwar 1984 ta zo, wadda mutanen wurin suke kira El-Buhari, aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin tofo a gona. Da yunwa ta wuce da yawa sun koma sun sare nasu, amma waɗanda suka bari sun ga amfanin, maƙwabta kuma suka gani a wurinsu. Binciken da aka yi daga baya da hotunan tauraron ɗan’adam ya kiyasta cewa abin ya kai kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin Nijar. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, a shekarar da aka ba Yacouba Sawadogo na Burkina Faso.

Mai masaukinmu bai san waɗannan alƙaluma ba, amma ya san abin da ya fi su muhimmanci a wurinsa. A zamanin mahaifinsa, itacen da ke gonarka ba naka ba ne, na hukuma ne. In ka sari reshe ma’aikacin gandun daji zai iya cin ka tara, don haka mai hankali yakan kashe tofo tun yana ƙarami kafin ya zama abin da zai jawo masa magana. Da aka sassauta wannan, har gwamnatin Nijar ta fitar da doka a 2020 da ta amince manomi yana da haƙƙi a kan itacen da ya raina a gonarsa, sai lissafi ya juya. Yanzu matarsa ba ta tafiyar rabin yini neman makamashi, dabbobinsa suna cin ’ya’yan gawo da na kalgo da rani, iskar farkon damina ba ta binne masa shuka da rairayi kamar da, kuma yana sayar da rassan da ya rage a kasuwa. Ba a taɓa itacen wani sai da izninsa, kuma ƙauyen yana da mutanen da aka ɗora wa sa ido a kan haka.

Da la’asar muka fita neman gwiwa. Ban taɓa sanin itace yana da fuska ba sai ran nan. Baba yana tafe yana duban sama, yana yi mini karatu. Kalgo ya cika zare, kuma bai cika yin kauri ba. Sabara ta wuta ce da magani. Gawo yana da saurin cin ƙwaro. Danya tana da taushi da rashin nauyi, ta fi kyau da akushi. Tumfafiya da duk wani mai farin ƙaro mai guba ba a kusantar da su ga abinci, haka gwaska. Muka duba aduwa bakwai. Wata gwiwarta tana da ido, wato gurbin tsohon reshe, wanda zai zama rami a tsakiyar koshiya. Wata ta murɗe kamar igiya, ba za ta fasku daidai ba. Wata kuma ta yi kyau, amma tana gonar maƙwabci wanda ya tafi cin kasuwa, kuma mai masaukinmu ya ce ko kawunsa ne ba zai sara masa ba sai mai ita ya dawo.

Ta takwas tana kan iyakar gonarsa, wani reshenta ya miƙo kan turbar amalanke, ya sauko sannan ya ɗaga kai sama, ƙayarsa tana yagar buhunan masu wucewa. Ya ce da ma yana cikin waɗanda ya yi niyyar ragewa. Baba ya zaga shi sau biyu, ya auna da tafin hannu, ya yi bisimilla. Ya fara sara daga ƙasan reshen kafin ya koma sama, don kada nauyinsa ya ɓalle ya yage ɓawon uwar, ya kuma bar bakin saran a karkace yadda ruwan sama ba zai kwanta a kai ba. Ni aka ba aikin janye ƙaya, kuma har yau akwai shaidar haka a bayan hannuna.

A nan gindin aduwar ya zauna ya yi aikin. Ya yanke gunduwa mai tsayin kamu biyu da gwiwar a kusa da ƙarshenta, ya kafa bakin gatari daidai kan cibiya, ya sa aka buga masa da wani guntun itace. Ta rabu biyu da wata ƙara mai daɗi, cikinta rawaya-rawaya, da danshi kamar an shafa mata ruwa. Ya sa gawayi ya zana siffar koshiya, ya bar kanta ya faɗa daidai kan lanƙwasar. Da gizago ya sauke abin da ba a so, sassaƙe yana tashi yana faɗuwa a kan ƙafafunsa, sannan ya ɗauko wata lanƙwasasshiyar wuƙa da maƙeri ya ƙera masa ya raraki cikin. Kowane ɗan lokaci sai ya matse bangon da yatsu biyu yana jin kaurinsa, domin in wani wuri ya fi wani kauri ba za su bushe tare ba, kuma nan tsaga take samun ƙofa. Kafin magariba koshiya biyu sun fito, masu kaushi, masu nauyin ruwa. Ya zuba su cikin buhu tare da ɗanyen sassaƙensu ya ɗaure baki. Mai masaukinmu ya ƙi karɓar ko dala. Aka daidaita a kan cewa ta biyun ta uwargidansa ce.

Da dare muna kwance a tsakar gida na tuna abin da na karanta game da wannan sana’a a Turai. A Suwidin, inda sassaƙar cokali da wuƙa da gatari tsohuwar al’ada ce, Wille Sundqvist, wanda ya rasu a 2018, ya shafe rayuwarsa yana koyar da ita, kuma shi ma gwiwar reshe yake nema. A Ingila an fara taron masu sassaƙar cokali mai suna Spoonfest a 2012. Yawancin masu yin abin a can mazauna birni ne da ba su da daji, kuma hanyar da suke samun ɗanyen itace ita ce ƙulla zumunci da masu aikin rage rassan itatuwan titi da na lambuna, waɗanda da ma neman inda za su zubar suke yi. Abin da suke tafiya mai nisa suna biyan kuɗi su koya, mu muna da shi a zaurukan bayan ganuwa. Kalmar cokali kanta, a ganin masana harshe, daga Buzaye muka aro ta, mutanen da har yau suke sassaƙa nasu suna yi musu zane da wuta.

Na dawo da ra’ayi biyu, kuma saboda su na rubuta wannan. Na farko, a garuruwanmu ana sare ɗanyen itace kusan kullum, wajen faɗaɗa titi, da share wa wayoyin lantarki hanya, da gine-gine a makarantu da ma’aikatu. Duk yana tafiya gidan burodi ko ramin gawayi a farashin makamashi. Masassaƙa suna da shugabanninsu, kuma kowa yana da waya. Ba a buƙatar kasafin kuɗi kafin a sanar da su kwana ɗaya kafin sara, su zo su zaɓi abin da zai yi turmi ko akushi ko allo, su biya, a ƙone saura. Reshen da zai dafa tukunya ɗaya ya zama toka, shi ne zai iya zama koshiyar shekara arba’in.

Na biyu ya fi girma. Tun da Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa a 2007, Nijeriya kuma ta kafa masa hukuma a 2015 don jihohi 11 na bakin hamada, hankalinmu ya fi karkata ga dashe: a raba tsirrai, a ɗauki hoto, a tafi. Dashe yana da wurinsa, musamman inda saiwa ta riga ta mutu. Amma ƙasar Jibiya da Kaita da Mai’aduwa da Daura ita ce ƙasar Ɗan Isa da Madarunfa, ruwan sama ɗaya, itatuwa ɗaya, kuma kututturen da ke can yana nan a gonakinmu muna cinna masa wuta kowace bazara. Abin da manomi yake buƙata shi ne a nuna masa a gonar ɗan’uwansa, a kuma tabbatar masa a rubuce cewa itacen da ya raina nasa ne, ba wanda zai ci shi tara don ya rage reshe, ba kuma wanda zai shigo da dare ya sare ya tafi lafiya. Ɗalibanmu na fannin gona da gandun daji, tafiyar awa biyu ce tsakaninsu da wannan makaranta.

Koshiyar ta yi mako uku a cikin buhu a ƙuryar zauren Baba, yana buɗewa kullum yana rage sassaƙen kaɗan-kaɗan. Da ta bushe ya bi ta da wuƙa mai kaifi har ta yi santsi, ya ɗora ƙarfe a wuta ya yi mata zane uku a mariƙi irin na tsohuwar, ya shafe ta da man gyaɗa. Na kai wa Inna da yamma. Ta auna nauyinta a hannu, ta shinshina, ta ɗan lasa bakinta, ta ce, “Aduwa ce.” Sai ta ɗaga murya ta ce a ɗora mata fate. Ta tambaye ni nawa na saya, na ce ban saya ba, tafiya na yi. Ta ce Allah ya yi wa mai itacen albarka, da mai hannun, ni kuma ta sa ni a na uku.

Makon da ya biyo baya na je gonarmu ta gado na tarar ’yan ƙodago sun fara shara, sun tara kara a kan wani kututturen aduwa za su sa wuta. Na ce su janye. Muka ƙirga tofonsa, tara ne, muka bar uku.